Mun tara kuɗi don asibitin garinmu: injin sikanin za mu saya ko motar asibiti?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ni ne ma'ajin ƙungiyar ci gaban garinmu, can gabas da Zariya. 'Yan garinmu mazauna Kaduna da Abuja da Legas sun tara kuɗi masu ɗan auki don a taimaka wa asibitinmu. Kan mutane ya rabu: wasu sun ce injin sikanin, wasu motar ɗaukar marasa lafiya, wasu kuma a gina sabon ɗakin kwanciya a liƙa sunan ƙungiya. Burinmu asibitin ya zama abin kwatance, ya zo da abin da ba a saba gani a ƙauye ba. Wace shawara za ka ba mu?

Amsa: Malam Ma'aji, Allah ya saka muku da alheri, ya sa a mizani. Kafin ku taɓa ko kwabo a kuɗin nan, alfarma ɗaya nake nema. Ku zaɓi mutum biyu, namiji da mace, su nemi izinin shugaban asibitin su kwana a can dare biyu ko uku, har da daren kasuwar garinku. Kada su je da rana, domin da rana kowane asibiti da kyan gani yake: an yi shara, ana awo, mai kati yana kan kujerarsa. Su zauna a benci tun bayan isha'i har kiran assalatu, da littafi a hannu. Ƙarfe nawa wuta ta ɗauke? Da me ungozoma ta haska da ta zo ɗinki? Wa ya ɗebo ruwa, daga ina? A aljihun wa mabuɗin sito yake kwana? Wanda aka aika a taso, minti nawa ya yi kafin ya iso? Wanda aka ce a wuce da shi Shika, asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, a wace mota aka tafi da shi, wa ya biya mai? Na yi shekaru ina aiki a asibitocin karkara a jihar nan, kuma in aka ce in faɗi ko asibiti nagari ne, halin da yake ciki da ƙarfe biyun dare nake fara tambaya. Su kuma tattauna da masu aikin dare da masu shara, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Irin wannan zaman benci ya taɓa haifar da abin da duniya ta amfana da shi, kuma a nan gida aka yi. A 2008 wata likitar mata daga Amurka, Laura Stachel, ta zo asibitin Ƙofar Gayan a Zariya, wanda muke kira Gambo Sawaba, don ta nazarci abin da ke kashe mata wajen haihuwa. Ta iske ma'aikatan sun san aikinsu, amma duhu ya ɗaure musu hannu: ana karɓar haihuwa da fitilar ƙwai, wuta ta ɗauke ana tsakiyar tiyata a ƙarasa da tocila. Mijinta, Hal Aronson, masanin wutar sola ne. Ya tsara musu wutar da za ta haska ɗakin haihuwa da ɗakin tiyata, ta riƙe firjin jini, ta yi cajin 'yar rediyon da ake kiran likita da ita. Ɗan samfurin gwaji da ta zo da shi cikin akwati, ma'aikata suka ce a bar musu. Daga nan akwatin sola ya samo asali, yau kuma yana cikin dubban ɗakunan haihuwa a Afirka da Asiya.

Saboda haka ni wuta nake sa wa farko, amma da sharaɗi. Kada ku ce za ku haɗa wa asibiti gaba ɗaya sola. Kuɗin ba zai kai ba, in ma ya kai batir ba zai daɗe ba. A ja layi na musamman zuwa ɗakin haihuwa, ɗakin tiyata in akwai, ɗakin gwajin jini da firjinsa, sai gado biyu ko uku na yaran da ke buƙatar iska. Soket ɗin layin a yi masa fenti ja, kowa ya san ba na cajin waya ba ne. Na taɓa shiga ɗakin haihuwa da asuba na tarar da dutsen guga a jone a layin solar da muka sha wahala kafin muka samu, mai gugar kuma ba ta ga laifinta ba, kayan aiki take gogewa. Batirin ruwa a zafin ƙasarmu da wuya ya wuce shekara biyu zuwa uku, na litiyom ya fi tsada amma ya fi juriya. Ƙurar hunturu kuma tana rufe farantin sola ta rage ƙarfinsa sosai, maganinta tsumma da ruwa da mutum ɗaya da aka ɗora wa aikin da sunansa. Asibitocin karkara da yawa an sa musu sola da kuɗin gwamnati ko na masu ba da tallafi, faranti na nan a kan rufi yana sheƙi, batir ya mutu tun tuni, ba wanda aka ce shi zai sayi sabo.

Ruwa ba sai na ja magana ba. Bohol, famfon sola, tanki a sama, bututu har cikin ɗakin haihuwa, da sabulu. Ungozomar da take jiran ɗan jinya ya ɗebo mata ruwa a bokiti ba za ta wanke hannu tsakanin mace da mace yadda ya kamata ba, ko da ta fi kowa tsoron Allah.

Inda zan daɗe shi ne jini, don a nan muke asarar matan da bai kamata mu rasa ba. Tsakanin 1976 da 1979 Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun bi diddigin haihuwa 22,774 a asibiti a Zariya, kuma abin da ya fito fili shi ne mafi yawan matan da suka rasu waɗanda ba su yi awo ba ne, aka kawo su a makare bayan abu ya ɓaci a gida. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan, amma duk wanda ya yi aikin dare a karkara zai ce maka labarin bai canza sosai ba. Mace mai zubar jini bayan haihuwa tana iya cikawa cikin awa biyu. In daga garinku zuwa inda ake da jini tafiyar awa ɗaya da rabi ce da damina, ka ga lissafin da kanka.

Matsalar farko ido ne. Mu ma'aikata da ido muke kintatar jinin da ya zuba, ido kuma yana rage shi. Zane ya sha, katifa ta sha, sai mace ta fara hamma da gumi mai sanyi a farga. A 2023 aka fitar da sakamakon wani babban bincike mai suna E-MOTIVE da aka yi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata sama da 200,000, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya. Abin da aka gwada leda ce mai aljihu mai ma'auni da ake shimfiɗa wa mace da zarar ta haihu, jini ya taru a ciki ana ganin lamba. Da ya kai alamar haɗari, wato rabin lita, ko ƙasa da haka in ga wasu alamu a jikinta, sai a yi komai a lokaci guda maimakon a gwada wannan a jira a gwada wancan: a murza mahaifa, a yi allurar oksitosin mai sa mahaifa ta tsuke, a ba da tiranekzamik asid mai taimaka wa jini ya tsaya, a sa ruwa, a duba ko akwai yagewa ko ragowar mabiyiya, a kira na gaba. Zubar jini mai tsanani da abin da ke biyo bayanta suka ragu da kusan kashi 60 cikin 100. Ka duba fa, leda ce da magungunan da dama muna da su, sai horo. Kuɗin injin sikanin ɗaya zai sayi ledar da za ta ishe ku shekaru.

Sai dai oksitosin ɗin ma yana da nasa hali. Sanyin firji yake so, tsakanin digiri 2 da 8. Wanda ya kwana a kantar kemis cikin zafin watan Afrilu, kwalba ce kawai da ruwa a ciki. Za a yi allura, mahaifa ta ƙi tsukewa, a ce ajali. Ka ga mun koma kan wuta da firji. A ajiye misoforostol a gefe, shi ma yana tsuke mahaifa, kuma ƙwaya ne, zafi bai cika damunsa ba. Tiranekzamik asid kuma cikin awa uku na farko bayan haihuwa yake da amfani, don haka wurinsa ɗakin haihuwa, cikin akwatin gaggawa da ba ya da kwaɗo, a yi amfani da shi tukuna a yi maganar kuɗi daga baya. A cikin akwatin nan a sa magniziyom salfet na jijjiga. Ita jijjiga ma ana iya hango ta tun a awo, da abin awon hawan jini mai aiki da ɗan tsinken gwajin fitsari.

In an yi duk wannan jini bai tsaya ba, ko an kawo yaro fari fat da zazzaɓin cizon sauro a watan Satumba, sai ƙarin jini. A nan ƙungiyarku take da ƙarfin da gwamnati ba ta da shi. Mun sha gani: mota ta zo cike da dangi, da an ce ana neman leda biyu sai ka nemi maza ka rasa, wannan ya tafi salla, wancan ya ce shi ma jininsa bai ishe shi ba. Ku tara samarin gari, 'yan ƙwallo, 'yan agaji, 'yan acaɓa, malaman makaranta, a gwada rukunin jinin kowa a rubuta da lambar waya, a buɗe musu zaure a WhatsApp. Liman ya yi huɗuba a kai, fasto ma ya faɗa a coci in garinku akwai, hakimi ko ɗansa ya fara miƙa hannu a gaban jama'a. Masu rukunin O mai alamar ragi 'yan kaɗan ne, a riƙe su kamar ƙwai. Naku shi ne ku tabbatar ledar ɗibar jini da kayan gwajin ƙanjamau da ciwon hanta iri biyu da tunjere ba sa yankewa, domin jinin da ba a tantance ba bala'i ne ake ɗura wa mutum. Wannan duka sai in asibitinku yana da ma'aikacin gwaji da izinin ƙarin jini. In ƙaramin asibiti ne na matakin farko, jerin sunayen yana da amfani duk da haka: mai ba da jini ya shiga mota tare da mara lafiya.

Na san wani zai ce ai yanzu jirgi maras matuƙi yana kawowa. Gaskiya ne, gwamnatin jiha ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Zipline a 2021, a 2022 kuma jirage suka fara tashi daga Pambeguwa suna jefa wa asibitoci alluran rigakafi da magunguna. Abu ne mai kyau, ku tambaya ko asibitinku yana cikin waɗanda ake kai wa. Amma kayan da aka jefo daga sama ma sai an sami wanda zai ɗauka da firjin da za a sa.

Iska ita ce ta gaba. Yaro mai ciwon haƙarƙari da hunturu, ko jaririn da aka haifa bai yi kuka ba, ko bakwaini, sau da yawa ƙarancin iskar oksijin ke kashe su kafin magani ya kama. Akwai ɗan abin da ake maƙala wa a yatsa ya nuna yawan iskar da ke jini. In ta yi ƙasa da 90 a sa iska. Ku sayi masu inganci, har da na jarirai, don na kasuwa mai arha ƙarya yake yi a ƙaramin yatsa. Injin tace iska ku sayi biyu, ɗaya zai lalace wata rana, da tukunyar iska ɗaya a cike don ranar da duka suka ƙi. Soson da ke bayan injin ana wanke shi duk mako. Na ga injuna da yawa a sito an ce sun mutu, ƙura ce kawai ta toshe su.

To, sikanin. Ba na ƙinsa. A hannun wanda ya iya yana gano tagwaye, da ɗan da ya kwanta a gicciye, da mabiyiyar da ta tare hanya, da cikin da ya zauna a wajen mahaifa, kuma kowanne daga cikinsu in an sani da wuri an ceci rai. Yana ma jawo mata zuwa awo, don kowa na son a haska ta. Tambayar ita ce wa zai riƙe shi. In likita ɗaya ne kuka dogara da shi, ranar da aka yi masa canjin wurin aiki injin ya shiga leda. In kuma ya faɗa hannun wanda ya koya a kwana uku, sai ya zama sana'ar faɗin namiji ne ko mace, da takardar da ke cewa komai lafiya alhali ba lafiya ba, wanda ya fi rashin hoton haɗari.

Mota kuwa na fi jin tsoronta. Ranar ƙaddamarwa za a yi ta guɗa, bayan shekara ɗaya ba taya, ba mai, direba ba albashi, ko kuma ta koma ɗaukar gawa da kai ma'aikata taro a Kaduna. Akwai tsarin da aka gwada a jihohin arewa, har da tamu, tare da ƙungiyar direbobi ta NURTW: ana zaɓar direbobin haya na cikin gari a horar da su yadda ake ɗaukar mai naƙuda, a raba lambobinsu ga mata masu ciki, a saka musu da ba su lodi ba tare da bin layi ba a tasha. Ku je ku zauna da shugaban tasharku. Ku ware asusun mai da za a biya direba washegari ba tare da ya yi ta sintiri ba. Direba goma da ke kwana a unguwanni goma sun fi mota ɗaya da mabuɗinta ke hannun mutum ɗaya. Kuma a kira asibitin da za a je kafin a tashi, a rubuta abin da aka ba ta da lokacin da aka ba ta.

Akwai kuma abin da ba ma son faɗa: a sassan Birnin Gwari da Giwa da Chikun da Kajuru an yi shekaru ba mai hawa wasu hanyoyi da dare ko da me ake ciki. In ƙauyukan da ke kewaye da ku suna da wannan matsala, ko rafi yana raba su da ku da damina, to masu son gini su sami abin ginawa: ɗaki biyu da banɗaki da madafa kusa da asibiti, inda mace mai cikin da ake wa fargaba za ta zo ta zauna da 'yar rakiyarta in watanta ya kama. Sai gidan ma'aikata a cikin harabar, mai katanga da ruwa da wuta. Ungozomar da aka turo daga Kaduna ta zo ta tarar ba wurin kwana, kada ku ga laifinta in ta koma zuwa Litinin da Laraba. Mafi ɗorewa ma ku ɗauki nauyin 'ya'yanku mata biyu ko uku zuwa makarantar kiwon lafiya ta Shehu Idris da ke Makarfi, ko makarantun jinya da ungozoma na Kafanchan da Tudun Wada da Wusasa, da alkawari a rubuce cewa za su dawo su yi wasu shekaru a gida. Kayan aro ba ya rufe katara.

Kun ce kuna son sabon abu. Bari in ba ka misalan da nake ba ɗalibai. Marigayi Dakta Oluyombo Awojobi ya bar Ibadan ya zauna a garin Eruwa a jihar Oyo, ya buɗe asibitinsa a 1986, ya yi tiyata dubbai kafin rasuwarsa a 2015. Teburin tiyatarsa da jak ɗin mota yake hawa da sauka, injin juya jini don awon ƙarancinsa da ƙafar keke ya haɗa, tukunyar dafa kayan aiki da totuwar masara take aiki, ruwan ƙari ma a nan yake haɗa abinsa. Komai ya lalace, mai walda na garin zai gyara. A Zariya kuma, cikin shekarun 1970, David Warrell da abokan aikinsa da ke nazarin saran kububuwa suka yaɗa gwajin da har yau littattafan duniya suke koyarwa: a ɗebi jini kaɗan a zuba a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, a ajiye minti 20, a karkata, in bai daskare ba dafi ya shiga, a ba da maganin dafi. Dakta Kees Waaldijk na Babbar Ruga a Katsina ya nuna cewa macen da yoyon fitsari ya fara mata bayan doguwar naƙuda, in aka sa mata robar fitsari nan da nan aka bar ta makonni, wasu suna warkewa ba tare da an kai ga tiyata ba. Duk ukun mutane ne da suka daɗe a wuri ɗaya suna kallon matsala ɗaya har suka gane bakin zarenta.

Akwai wani abu da ba ya cin kuɗi, kuma shi na fi ganin yana canza asibiti. Duk wata ma'aikata su zauna su bi labarin kowace mace da kowane jariri da aka rasa, da waɗanda suka sha da ƙyar, daga lokacin da ciwo ya fara a gida har zuwa ƙarshe. Ƙa'idar zaman ita ce ba a kama suna, ba a neman mai laifi, in ba haka ba kowa zai ɓoye. A fito da gyara ɗaya, a ce wane zai yi, zuwa rana kaza. A wani asibiti da na yi aiki, zaman irin wannan ne ya nuna mana cewa jinkirin da muke ɗora wa mazajen ƙauye, rabinsa a ƙofarmu yake: maigadi yana kulle get ya tafi shan shayi, mai gwajin jini kuma yana kwana a wata unguwa ba shi da abin hawa. Kunya ta kama mu duka, amma cikin mako ɗaya aka gyara. Ku nemi a ba wakilin kwamitin raya mazaɓa kujera a ɓangaren da ya shafi gari.

Kada kuma ku sayi abin da haƙƙinku ne a ba ku. Jihar nan tana da mazaɓu 255, kuma manufar gwamnati tun zamanin El-Rufai ita ce kowace ta sami asibitin matakin farko ɗaya mai aiki. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kula da lafiya a matakin farko, wani kaso yana shiga asusun irin waɗannan asibitoci kai tsaye, ga kuma hukumar KADCHMA mai rajistar inshorar lafiya. Ku tambayi shugaban asibitin me ke shigowa, me aka riga aka sa a lissafi. Duk abin da za ku ba da, a rubuta takarda da hukumar lafiya matakin farko ko ma'aikatar lafiya, gwargwadon wadda asibitin ke ƙarƙashinta, a faɗi wa zai gyara in ya lalace, kuma ba za a ɗauke shi zuwa wani gari ba.

Da ni ne ma'aji, kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin ba zan bari a taɓa ba, na batir ne da gyara na shekaru masu zuwa, ko da za a ce na cika maƙo. Sauran ya bi abin da masu kwanan benci suka rubuto. In suka dawo suka ce wuta ba ta ɗauke ba, famfo na zuba, akwatin gaggawa a cike, ungozoma a cikin harabar take kwana, to ku sayi sikanin ɗinku, ƙarami mai batir da ake iya ɗauka zuwa ƙauyuka ranar awo. Amma ku fara tura ma'aikata biyu 'yan gari su koyo a Shika ko asibitin koyarwa na Barau Dikko da ke Kaduna, su dawo, sannan a biya kuɗin injin.